Kamfanin da ya cusa kogo cikin kaset: tarihin Adventure International

"Malam, a ajinmu na koyon rubuta manhaja an ce mana a da akwai wasannin kwamfuta da babu hoto ko ɗaya a cikinsu, rubutu ne zalla, mutum ya rubuta umarni kwamfuta ta mayar masa da amsa. Har aka ce akwai kamfanonin da suka yi kuɗi da su. Wane kamfani ne ya fara sayar wa mutane irin wannan wasa su yi a gidajensu, kuma me ya kashe shi? Ko zuwan wasannin hoto ne ya kore shi?"

Ɗan'uwa, tambaya uku ka haɗa a guda: wa ya fara, yaya aka yi ya iya, me ya kayar da shi. Ta farko tana da gajeriyar amsa. Sunan kamfanin Adventure International, yana garin Longwood a jihar Florida ta Amurka, Scott Adams da matarsa ta lokacin Alexis ne suka kafa shi. Kada ka rikita shi da wani Scott Adams mai zanen barkwanci a jaridu, suna ne kawai ya zo ɗaya. Tambaya ta biyu da ta uku kuwa, a ganina amsarsu guda ce. Dabarar da ta sa kamfanin ya riga kowa, ita ce daga baya ta riƙe masa ƙafa. Hoto ya taka rawa, amma ba shi ne babban dalili ba, kuma zan nuna maka abin da ya sa na ce haka.

Kafin a shigo gida

Wasan kasada na rubutu bai fara a gida ba. Will Crowther, mai rubuta manhaja a kamfanin BBN, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin ARPANET kakar intanet, mutum ne mai sha'awar shiga koguna. Wajen 1975 zuwa 1976 ya rubuta wani wasa da harshen Fortran a kan babbar kwamfuta PDP-10, ya ɗauko taswirarsa daga wani ɓangare na kogon Mammoth da ke jihar Kentucky, wanda ya shiga da ƙafarsa ya kuma taimaka aka zana. A 1977 Don Woods na jami'ar Stanford ya samu wasan, ya nemi izini, ya faɗaɗa shi ya ƙara masa dukiyoyi da halittun tatsuniya. Shi ne ake kira Colossal Cave Adventure, ko Adventure kawai, kuma daga sunansa duk wannan nau'in wasa ya samu suna.

Yadda ake yinsa kamar wasan kacici-kacici ne tsakanin mutum biyu. Kwamfuta ta ce maka kana tsaye a ƙarshen hanya gaban wani ƙaramin gini. Kai kuma ka rubuta kalma biyu da Turanci, aikatau da suna, kamar GET LAMP wato ɗauki fitila, ko GO NORTH wato yi arewa. Ta faɗa maka abin da ya biyo baya. Idanunka ba su ganin komai sai haruffa, kogon a cikin kanka yake ginuwa, kamar yadda yaro ke ganin Gizo da Ƙoƙi alhali bakin kakarsa kawai yake kallo.

Sai dai PDP-10 ba kayan ɗaki ba ce. Jami'o'i da manyan kamfanoni ke da ita, sai wanda ke aiki ko karatu a can zai taɓa wasan. A wannan shekarar ta 1977 kuma aka fitar da kwamfutocin gida uku da suka buɗe kasuwa: Apple II, Commodore PET, da TRS-80 ta kamfanin Tandy mai shagunan Radio Shack. TRS-80 ta fito a kan kusan dala 600, da ƙwaƙwalwa kilobait 4 wadda ake iya ƙarawa zuwa 16, kuma a kaset ɗin rediyo na yau da kullum ake ajiye manhajarta.

Kilobait 16

Scott Adams, haifaffen Miami a 1952, yana aikin rubuta manhaja a Stromberg-Carlson, kamfanin na'urorin tarho. A kwamfutar wurin aiki ya ci karo da Adventure, ya riƙa sammako yana kuma yin dare a ofis har ya kai ƙarshensa. Yana da TRS-80 mai kilobait 16 a gida, sai ya ce zai yi irinsa a kanta. Abokan aikinsa suka ce ba zai yiwu ba, kuma a lissafi suna da gaskiya. Kilobait 16 harafi 16,384 ne. Wannan amsar da kake karantawa kaɗai ta cinye fiye da rabinsa. A ciki ake so a zuba ɗakuna, kayayyaki, kalmomin da wasa zai gane, duk jimlolin da zai faɗa, da kuma manhajar da za ta tafiyar da su.

A nan nake so ka tsaya, tunda rubuta manhaja kake koyo, domin wannan ne ainihin gadon mutumin. Adams bai zauna ya rubuta wasa ɗaya ba. Ya raba aikin gida biyu. Ɓangare ɗaya ƙaramar manhaja ce da zan kira tafinta, wadda ba ta san komai game da kogo ko dodo ba, aikinta ta karanta jadawali ta bi abin da ya ce. Ɗaya ɓangaren shi ne jadawalin, a nan wasan yake. Kowane ɗaki lamba ne, da lambobi shida da ke nuna inda za ka faɗa in ka yi arewa, kudu, gabas, yamma, sama ko ƙasa. Kowane kaya yana da lambar ɗakin da yake, in lambar sifili ce to bai shigo wasa ba tukuna, in alamar tauraro ta kewaye sunansa to dukiya ce da ake ba da maki a kanta. Sai jerin aikatau, jerin sunaye, jerin saƙonni. Zuciyar abin ita ce jerin dokoki. Kowace doka tana ɗauke da aikatau da sunan da za su tayar da ita, an dunƙule su a lamba ɗaya ta hanyar ninka lambar aikatau sau 150 a ƙara lambar suna, sai sharuɗɗa har biyar, sai umarni har huɗu. Misali, in mutum ya ce a kunna fitila, kuma yana riƙe da fitilar da ba a kunna ba, to a musanya ta da mai ci a buga saƙo kaza. Dokar da aikataunta sifili ne kuwa ba ta jiran kowa, da kanta take tashi bisa kaso cikin ɗari da aka rubuta mata, da ita ake sa ƙwaro ya ciji mutum a fadama ko fitila ta mutu.

Wata tsumulmular kuma, tafintan ba ya karanta kalma gaba ɗaya, haruffa uku na farko kawai yake dubawa. Wannan ya rage wuri sosai, ya kuma haifar da abubuwan da mai wasan bai shirya ba. A wasansa na farko akwai dabbar beyar da ta tare hanya a bakin wani tudu. In ka ba ta zuma za ta ƙyale ka, amma zumar tana cikin dukiyoyin da kake tarawa, ka yi asara ke nan. Hanyar da ta dace ita ce ka yi mata ihu ta firgita ta faɗi. Masu wasa da haushi ya kama suka rubuta mata wata kalmar zagi ta Turanci, sai suka ga ta faɗi, saboda haruffa ukun farko na zagin da na kalmar ihu iri ɗaya ne.

Wannan wasa shi ne Adventureland, ya fito a ƙarshen 1978, da dukiyoyi 13 da za a tara, da dodo mai barci, da ƙudan zuma, da gatari mai kalmar tsafi. Da harshen BASIC ya fara rubuta tafintan, daga baya ya sake shi da harshen injin kansa, ya yi sauri, ya kuma raba allo biyu: sama na nuna inda kake da abin da ke gabanka, ƙasa kuma hirarka da kwamfuta. Ribar raba tafinta da jadawali ta fito nan take. Sabon wasa ba ya buƙatar sabuwar manhaja, sabon jadawali kawai. Sabuwar kwamfuta kuma ba ta buƙatar a sake rubuta wasanni, tafinta ɗaya za a yi mata duk wasannin su bi.

Daga ɗakin kwana zuwa kamfani

Farkon cinikin ta ƙananan tallace-tallace a mujallun kwamfuta ne, da masu rarrabawa irin su Creative Computing da The Software Exchange. A gida ake kwafar kaset ɗaya bayan ɗaya. Adams ya ba da labarin cewa da shaguna suka nemi a riƙa sa kaset ɗin a cikin wani abu da za a iya ratayewa, ledojin da ake sa wa kwalbar shayar da jarirai suka yi amfani da su, a maƙala kati a sama. Ya kuma ba da labarin ranar da Alexis, don takaicin yadda kwamfuta ta ƙwace mata miji, ta zuba faya-fayansa a cikin tanda. Bayan wannan rikici ne ta shigo aikin, wasa na biyu Pirate Adventure tare suka tsara shi, Voodoo Castle kuma sunanta ne a kai. Wannan ya sa ake lissafa ta cikin matan farko da suka tsara wasan kwamfuta na sayarwa.

A 1979 sunan Adventure International ya tsaya, wasanni suka yi ta fitowa kusa da kusa: Mission Impossible wanda aka sauya wa suna zuwa Secret Mission saboda masu haƙƙin sunan, The Count, Strange Odyssey, Mystery Fun House, Pyramid of Doom, Ghost Town, Savage Island kashi biyu, Golden Voyage. Zuwa 1981 an cika 12. Pyramid of Doom wani mai wasa ne, Alvin Files, ya tsara shi bayan ya zauna ya warware yadda jadawalin yake da kansa. A Disambar 1980 kuma mujallar BYTE ta buga Pirate Adventure gaba ɗaya, tafinta da jadawali, kowa ya kwafa da hannu. Mutane da yawa daga nan suka koyi sana'ar.

A cikin waɗannan duka The Count ne na fi daraja. Sauran yawanci tara dukiya ne, shi kuwa lokaci ne makaminsa. Kana farkawa a gado a gidan Dirakula, mai shan jinin mutane na tatsuniyar Turawa, rana na tafiya tana faɗuwa, da dare a sace maka abin da ba ka ɓoye ba, kuma abin da za ka yi a rana ta uku ya dogara da shirin da ka yi a ta farko. A ce an yi wannan da jimloli gajeru kamar na talgiram, a kilobait 16, a 1979, har yau yana ba ni mamaki.

Kamfanin bai tsaya kan wasannin Adams ba. Ya zama mai buga na wasu, ana aiko masa yana sayarwa yana biyan kaso. Ya sayar da wasannin sararin samaniya na Doug Carlston, wanda daga baya ya kafa kamfanin wasanni Brøderbund, da Sea Dragon, da Preppie! na Russ Wetmore a kan kwamfutar Atari. Commodore ta fitar da wasannin Adams biyar a katirij, wato ɗan akwatin da ake cusa wa kwamfuta, don kwamfutarta VIC-20, Texas Instruments ita ma ta sayar da su don tata kwamfutar TI-99/4A. A Ingila akwai reshe a Birmingham ƙarƙashin Mike Woodroffe, Brian Howarth kuma ya yi jerin wasanninsa da irin wannan tsari.

To me ya kashe shi?

Mu fara da zarginka, hoto. Gaskiya ne a 1980 Ken da Roberta Williams sun fitar da Mystery House a Apple II, wasan kasada mai zane, kamfaninsu kuma ya zama Sierra. Amma Adventure International bai yi barci a nan ba, daga 1982 ya sake fitar da tsofaffin wasanninsa da hotuna a ƙarƙashin sunan SAGA. Abin da ya fi rusa wannan zargi shi ne, kamfanin da ya ƙwace masa sarauta ba shi da hoto ko ɗaya.

Infocom ke nan, wanda mutanen jami'ar MIT suka kafa a 1979. Su ma sun raba tafinta da wasa, amma sun yi wa gobe lissafi. Suka ce wasansu sai kwamfuta mai faifai da kilobait 32, ba mai kaset ba. Bambancin babba ne. Kaset sai ka loda komai lokaci ɗaya, abin da ƙwaƙwalwa ta ɗauka shi ke nan. Faifai kuwa ana iya ɗebo ɓangaren da ake buƙata a mayar da wanda aka gama da shi, don haka wasa na iya fin ƙwaƙwalwar girma. Wasansu Zork I ya fito a ƙarshen 1980 yana gane cikakkiyar jimla, ka ce a ɗauki takobi a sa a cikin akwati ya fahimta, yana kuma siffanta wuri da sakin layi guda mai daɗin karatu. A 1980 masu faifai kaɗan ne, kasuwa ta Adams ce. Zuwa 1983, ga Commodore 64 mai kilobait 64 a gidaje, faifai ya yi araha, wanda ya ɗanɗana Zork da wuya ya koma yana lalubar wace kalma biyu ce wasa ke nema. Kiɗa ya canza, Adventure International kuwa ya daɗe yana tsohuwar rawa. Hotunan SAGA riga ce sabuwa a jikin wasannin 1978 da 1979. Tafinta mai gane doguwar jimla bai zo ba sai a wasanninsa na ƙarshe.

Ban ɗauki wannan a matsayin wauta ba. Duk kuɗin kamfanin daga masu ƙananan kwamfutoci yake fitowa, kuma tsarin da ke ba ka damar sayar da wasa ɗaya a kan injuna da yawa ba abin da za ka yar ba ne da sauƙi. Sai dai waɗannan injunan su ne suka fara mutuwa. Yaƙin karya farashi da Jack Tramiel na Commodore ya jagoranta ya sa Texas Instruments ta tafka asara ta sanar da ficewa daga kasuwar kwamfutar gida a Oktoban 1983. VIC-20 ta ba wa Commodore 64 wuri. TRS-80, gidan da aka haifi kamfanin, ta ja baya. Lokaci guda kuma kasuwar wasanni a Amurka ta shiga ruɗani daga 1983, kaya suka yi yawa a shaguna, masu rarrabawa suka riƙa mayar da abin da bai sayu ba, sabbin kamfanoni masu jari irin su Electronic Arts suka shigo da kwalaye masu kyau da kuɗin talla. Sana'ar da aka fara da ledar kwalbar jarirai ta koma ta masu banki.

Yunƙurinsa na ƙarshe shi ne yarjejeniya da Marvel, kamfanin mujallun zanen jarumai. Aka tsara jerin wasanni 12 mai suna Questprobe, kowanne da mujallar zanensa, har aka zana wani jigo a ciki da kamannin Adams. Hulk da Spider-Man suka fito a 1984, Human Torch da Thing a 1985. Uku ke nan. Na huɗu, na X-Men, bai kammala ba, kafin 1986 ta ƙare kamfanin ya karye. In ka ce in jera dalilan bisa nauyi, zan sa rushewar kasuwa da mutuwar ƙananan injuna a gaba, tsufan tafinta a biye, hoto a ƙarshe. Wannan jeri hukuncina ne, wani masanin zai iya juya na farko da na biyu kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Infocom ma bai daɗe ba: ya zuba kuɗi a manhajar ofis mai suna Cornerstone a 1985 ta ƙi sayuwa, kamfanin wasanni Activision ya saye shi a 1986, aka rufe ofishinsa na garin Cambridge a Amurka a 1989.

Abin da na gani da hannuna

Ni ban yi zamanin kaset ba. A manhajar kwaikwayo na san waɗannan wasanni, musamman ScottFree da Alan Cox ya rubuta, wadda ke karanta ainihin jadawalan Adams a kwamfutar yau. Don haka jiran minti da minti kaset na kuka kafin wasa ya hau, da daɗin da mutumin 1979 ya ji ganin injin ɗakinsa na ba shi amsa, labarinsu na karanta, kuma ina jin hakan na sa in fi ganin gazawar wasannin fiye da yadda masu su suka gani.

Abin da na yi da kaina shi ne sa ɗalibaina su gina irin wannan tafinta da Hausa, kuma a nan na fahimci dabarar haruffa uku fiye da duk karatun da na yi. Da farko ta yi mana rana. Aikataunmu na sauya ƙarshe, ɗauka, ɗauki, ɗauke, ɗauko, amma duk da "ɗau" suka fara, sai tafinta ya gane su a matsayin abu ɗaya ba tare da mun koya masa nahawu ba. Sai wata ɗaliba ta sa igiya a wasanta. Ka rubuta "ɗaure igiya" ya ɗauka, ka rubuta "ɗauki igiya" ya ɗauka. Haka karɓa da karanta da karya suka cakuɗe a "kar", mutum ya zo karanta wasiƙa wasa ya ce ba a karya takarda. Da muka koma haruffa huɗu duk suka rabu, wanda shi ne abin da Adams ya yi a wasu wasanninsa na baya, domin tsawon kalma lamba ce guda a saman jadawali. Gajerun haruffan jiha ma sun ba mu aiki, K ta kudu da Ƙ ta ƙasa, a madannan da ba su da harafi mai lanƙwasa. Muka bar K wa kudu, ƙasa kuma sai an rubuta ta cikakkiya.

Bayan karyewar kamfanin haƙƙin wasannin ya bi ta hannun banki ya dawo wa Adams, shi kuma ya sake su mutane su sauke. Ya koma jihar Wisconsin ya ci gaba da aikin rubuta manhaja, ya fitar da Return to Pirate's Island 2 a 2000 da The Inheritance a 2013. Reshen Birmingham ya rayu da sunan Adventure Soft.

In za ka gwada, ka fara da Pirate Adventure, shi ne mafi sauƙi kuma don masu farawa aka yi shi. A wani ɗaki a Landan za ka tsinci kanka. Ka ajiye takarda da biro kusa, kowane wuri ka zana masa akwati ka ja layi zuwa maƙwabcinsa, ka rubuta abin da ka bari a ciki. In ka gama, ka buɗe fayil ɗin wasan da manhajar rubutu ta yau da kullum. Lambobin da na faɗa maka suna nan a jere, dokoki a sama, kalmomi da ɗakuna da saƙonni a ƙasa. Ka zaɓi doka ɗaya, ka raba lambarta ta farko da 150, ka nemo aikatau da sunan a jerinsu, ka bi sharuɗɗanta biyar da biro har ka gane wane lungu na wasan take riƙe da shi.